Asirin Kurciya a Bakin Hankaka

A gidanmu na Gidan Dare, tatsuniya ba ta farawa sai Kaka Saratu ta sauke tukunyar tuwo ta ɗora kaskon gyaɗa a kan sauran garwashin. A lokacin Baba ya dawo daga aiki a Kalambaina, kansa fari fat da ƙurar siminti, maƙwabta kuma sun tafi sallar magariba. Mu jikoki biyar sai mu kewaye murhu, ido a kan gyaɗa, kunne a wurin Kaka. Daga kudancin Kaduna ta zo, amma daɗewa a Sakkwato ta juya mata harshe.

"Ku matso, ga wata ta taho," in ji ta. "Wanda duk ya taɓa gyaɗag ga tun ba ta soyu ba, shi za ya wanke kasko."

Akwai wadda ta fi maimaitawa, ni kuwa na tsane ta. Wai Kurciya ta shekara uku tana kwanci, ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa. Ba ta gaya wa kowa ba sai aminiyarta Hankaka, wadda suke addu'a tare. Ranar taron tsuntsaye Hankaka ta miƙe, ta marairaice murya, ta ce, "'Yan'uwa, mu sa Kurciya a addu'a, ƙwanta ruɓewa yake yi." Kafin rana ta faɗi labari ya game daji. Kurciya kuwa ta san inda Hankaka ke ɓoye kayan sata, ta rantse gobe sai ta tona. Sai dai ba ta taɓa fita da safe ba sai ta zauna gaban Mahalicci ta yi masa waƙa. Ta zauna, ta kai ƙara, ta yi kuka, kafin ta tashi taro ya watse. Washegari ma haka. Ana nan, wata safiya ta laluba fushin nan ta ji ya yi sanyi.

"Shi ke nan? Ba ta rama ba?" na ce.

"Ke ɗiyag ga, zuciya gare ki kamar barkono. Mi kike so ta yi?"

"Ta tona mata asiri mana!"

"Kullum da niyyar hakan take tashi," in ji Kaka, tana juya gyaɗa. "Wurin zaman nan ne ake amshe mata."

Na girma, Kaka ta rasu, na yi aure a Sabon Gari. Shekara shida, ɓari uku. Mutum ɗaya na gaya wa, Rifkatu, wadda ta girme ni, abokiyar addu'ata tun muna 'yan mawaƙa a coci. Wata Talata a taron zumuntar mata ta miƙe, ta ce a sa ni a addu'a, ciki na uku ya zube, har dangin mijina sun fara magana. Mata suka juyo suna kallona da tausayin da ban roƙa ba. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba. Abin da ya fi ƙona ni, da sunan Allah ta yi, har na ce amin tare da kowa.

Ni ma ina riƙe da nata. 'Yarta da take cewa tana makaranta a Jos, na san haihuwa aka kai ta yi a ɓoye.

Na je wurin Mama ina huci. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Kin san Kaka ta yi shekara bakwai kafin ta haifi babanki? Kin tuna Mama Lami, wadda Kaka ta yi wa jinya har ta cika? Ita ce Hankaka." Ta ƙara da cewa a ƙuruciya, in Kaka ta iso bakin famfo, mata kaucewa suke yi don faɗanta. Ni kuwa ban taɓa jin Kaka ta ɗaga murya ba.

Ba don halin kirki na fara zaman safen ba, don in kai ƙarar Rifkatu gaban Mahalicci ne. Nakan buɗe Zabura in karanta, in yi waƙa haƙora a cije. Watanni na yi a haka, kuma ba zan yi ƙarya ba, har yau fushin bai gama sanyi ba.

Talatar da ta wuce shugabar mata ta tambaya ko akwai mai buƙatar addu'a. Na miƙe. Na ga Rifkatu ta damƙe bakin zanenta, ta kasa ɗaga kai. Sunan 'yarta yana kan harshena.

Na ce, "Ku sa ni a addu'a, 'yan'uwa. Zuciya gare ni."

Na koma na zauna.