Ƙarfen da ke Tafin Hannun Yaya

Yayana mai walda ne tun gemu bai fito masa ba. Abokan aiki Tartsatsi suke ce masa. Mutum ne marar surutu, ga taurin kai. Ka ce ya sa safar hannu, sai ya kalle ka kamar ka zage shi. Shekarun baya wani guntun ƙarfe ya shige tafin hannunsa na dama, nama ya rufe a kai. Mun yi mun yi ya je a cire, ya ce ai bai hana shi cin abinci ba.

Autarsa na da farfaɗiya. Duk sanda ta faɗi, shi ke riƙe hannunta har ta dawo hayyacinta. Magani ya ƙi ci. Likita ya ce ana iya yi mata aiki, amma sai an gano daidai inda abin ke tasowa a ƙwaƙwalwa. In ba a gano ba, babu mai sa wuƙa.

Ni na raka su gwajin gano wurin. Ɗaki ne mai ƙofa mai kaurin gaske, a ciki ga kujera da wata na'ura mai ƙatuwar hula. Matar da ke kula da na'urar ta ce ƙwaƙwalwa na fitar da maganaɗisu ɗan mitsitsi, shi hular ke kamawa, kuma ko makulli ya motsa a kusa sai ya danne shi. Yaya ya cire agogo da bel, ya canja riga, aka bar shi ya zauna gefen yarinyar don tana tsoro.

Aka auna. Matar ta ce in an lissafa, wurin da ciwon ke tasowa ya faɗa nan, an jima ya koma can. Aka sake, haka dai. Ta buɗe ƙofa.

"Baban yarinya, akwai ƙarfe a jikinka?"

"Na cire komai."

Na ce, "Yaya, hannunka fa?"

Ya buɗe tafin yana kallo. Matar ta ce duk shafar da yake wa yarinyar, na'urar na ɗauka, tana rufe abin da ake nema, sai dai ya fita.

Auta ta fashe da kuka. "Baba, kar ka tafi!"

Ya zare yatsunta daga nasa, ya nuna ni, ya ce, "Gwaggonki za ta zauna." Wallahi ya ba ni tausayi. Daga baya matar ta ce min ta gaya masa bakin ƙofa ma ya isa, amma ina! Sai da ya kai ƙarshen baranda ya zauna kan matakala.

Wannan karon wurin ya tsaya cak, ɗan sama da kunnen hagu. Likita ya sa ranar aiki.

Da muka fito, Auta ta miƙa masa hannu. Ya tura na daman cikin aljihu, ya zagayo ya ba ta na hagu.