Ranar Ƙidayar Dorina

Yayana Mamuda bai san wani aiki ba sai noman shinkafa a bakin ruwa, kusa da Wara. Fadamar nan ita kaɗai Baba ya samu bayan ruwan Kainji ya cinye tsohon garinmu, ita kuma ya bar masa. Ita ɗin ce dorinai suka sa wa ido. Tun yana saurayi yake gadinta da tsohuwar garwa da sanda, ya buga ya yi ihu har su koma ruwa. Kunnensa na hagu ma garwar ce ta kashe shi.

Ya kai kuka wajen hukuma har ya gaji. Sai bara aka aiko cewa jirgin sama zai zo ya ƙidaya dorinai, inda aka ga sun yi yawa a haƙa rami kewaye da gonaki. Iyakar saƙon ke nan. Abin da za mu yi ranar, ko kalma ɗaya! Sai ka ce bakinsu zai ƙare in sun yi bayani.

Mamuda ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce mini, "Sa'adatu, in jirgin ga ya wuce bai gan mu ba fa?"

Na ce, "Yaya, ka bar mutane su yi aikinsu."

Ya ce mi mace ta sani ga sha'anin ruwa. 

Ranar ƙidayar, da hantsi, dorinai na kwance kan yashi suna shan rana, makaho ma ya ƙirga su. Shi kuwa ya tara maƙwabta cikin kwale-kwale, kowa da garwarsa, wai a nuna wa jirgi wurin. Da jin ƙuginsa suka kaure da kiɗa da kururuwa. Haba Yaya! Mutumin da ya tsufa yana korar dorina da wannan ƙarar! Nan take dorinai suka afka ruwa. Jirgi ya kewayo bai ga komai ba sai ƙartin banza suna ɗaga hannu.

Aka ce gefenmu ba su da yawa. Rami ya tafi wani gari. Ina jin haushinsa, amma wallahi na fi jin haushin waɗanda suka ga taron kwale-kwale daga sama, ba su tambayi kansu komai ba, ba su kuma dawo ba.

Bana shinkafa ta fara nuna dorinai suka tattake ta ƙaf. Ya bar fadamar Baba, yanzu dako yake yi a kasuwar Yawuri da furfurarsa.

Shekaranjiya na kai masa fura. Wani jirgi ya gifta can ƙololuwa, na fasinja ne ma. Ya sauke buhun da ke kansa, ya juya ga yaran da ke hayaniya, ya ɗora yatsa a baki.

"Ku yi shiru," in ji shi. "Ƙidaya suke."