Bindigar Ƙusa da Ragar Kilishin Yaya

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa, safiya ce ta fi ba ni wahala. Na saba bakwai da rabi ina kan babur, sai ga ni a wannan lokacin ina zagaye tsakar gida, in buɗe famfo in rufe, in leƙa zaure in dawo. Matata ta yi haƙuri da ni wata biyu. Wata rana ta kwashe buhunan geron da ke ɗakin bakin zaure, ta share shi tas, ta miƙo mini makulli.

"Malam, ga ɗaki nan," in ji ta. "Ka tahi ka yi ta sassaƙarka, in samu in yi girki cikin natsuwa."

Ta san tun ina saurayi nake son aikin katako. Ina da zarto, guduma biyu, da wani tsohon tebur da na kafa wa matsin riƙe katako. Na yi kujerun zama na tsugunno, na yi mata kantar kwanuka, na gyara ƙofar banɗaki da ba ta lalace ba. A cikin haka ne hannuna na dama ya fara rawa. Likita ya ce ba ciwon da zai kwantar da ni ba ne, amma kuma ba zai tafi ba. Da zarto ban cika ji ba. Guduma ce ta tona mini asiri: in saita ƙusa, in ɗaga hannu, ta sauka a gefe.

Yayana mai kilishi ne. Shi ya gaji sana'ar nama wurin mahaifinmu, ni aka sa boko. Tun daga nan hanyoyinmu suka rabu, ba da faɗa ba, sai dai gaisuwar sallah da ta suna da ta'aziyya. Shi ya sa na yi mamaki da na ji sallamarsa a zaure wata rana da hantsi. Ya leƙa ɗakin, ya ɗaga kujera ɗaya ya juya ta, ya ajiye.

"Ma'aikatan ofis sun dame ni da zancen ƙuda," ya ce. "Wai ba su son nama a shanye a fili. Akwatunan shanya nika so, marasa nauyi, da raga sama da ƙasa. Guda ashirin. Kana iyawa?"

Na ce ina iyawa, tun kafin in yi tunani.

Na farko ya ci mini kwana uku. Katakon sirara ne, kaurin yatsa biyu, kuma kowace ƙusa ta uku sai ta tsaga shi ko ta lanƙwashe. Ragar kuma sai an bi ta da ƙananan ƙusoshi kewaye. Babban yatsana na hagu ya yi baƙi. Na zauna na dubi akwati ɗaya tilo, karkatacce, na tuna saura goma sha tara, sai na ji ɗakin ya yi mini kaɗan. Na hau babur na fita ba tare da na san inda za ni ba.

A Sama Road na ji ƙarar. Tas, tas, tas, kamar ana fasa gyaɗa da sauri. Wani kafinta ne mai kujerun kushin, riƙe da abu kamar bindiga, siririn tiyo ya fito daga gindinta ya tafi ga wani inji a lungu mai turo mata iska. Yana ɗora bakinta a kan katako, ya latsa, ƙusa ta shige. Ba ɗaga hannu, ba saiti. Na roƙe shi ya bar ni in gwada. Hannuna yana rawa har na dafa ta a kan katakon, daga nan nauyinta ya danne rawar. Na latsa. Ƙusar ta shiga daidai inda na so.

Daga ranar ban sake zama lafiya ba. Ina idar da sallar asuba sai in ɗauki waya in kalli mutanen wasu ƙasashe suna harba ƙusa. Na cika bayan wani tsohon littafin darasi da rubutu: girman tanki, tsawon ƙusa, mai shan mai, marar shan mai. Ina cin abinci ina zancen iska. Matata ta ce da ta san haka ne da ta bar geron a inda yake.

Shagon da ke sayar da kayan yana kusa da babbar kasuwa, mai shi Bakano ne, da jin gaisuwarsa. Kwamfaresa, wato injin iskar, iri uku gare shi. Akwai babba ja mai ƙafafun taya, wanda ake zuba wa mai kamar mota. Akwai matsakaici. Akwai kuma wani ƙarami fari, tankinsa bai fi tulun ruwa ba, ya ce wannan ba ya shan mai kuma ba ya ihu. Bindigogin sun fi rikitarwa: ta katakon rufi mai nauyi kamar taɓarya, ta harbin bango, ta siririyar ƙusa marar kai, da ta ƙusa mai ƙafa biyu wadda ake kama yadi ko raga da ita. Wata kuma tana cikin akwatinta na roba, baƙa da ruwan ɗorawa, ita ce ta shiga raina.

Sau huɗu na je shagon nan cikin mako biyu. In ɗaga wannan, in ajiye, in tambayi abin da na riga na tambaya, in ce zan dawo. A zuwa na huɗu mai shagon ya rufe littafin da yake dubawa.

"Alhaji, na san yayanka, kilishinsa nake kai wa iyali tsaraba. Ɗauki wanda ranka yake so ka je gida ka gwada. In bai yi ba ka dawo da shi. Wannan zaryar ta isa haka."

Na nuna babban ja. Me ya sa? Ban da dalili sai cewa shi ya fi kama da na masu sana'a. Aka ɗora mini shi a keke mai ƙafa uku.

Da na isa gida babu wuta. Na tayar da ɗan janaretona, na haɗa. Ya yi tari sau biyu ya mutu. Na sake, ya sake mutuwa. Haka na wuni ina shiga ina fita, ina duban ƙwan fitilar zaure. Sai bayan la'asar aka kawo wuta. Na ruga na danna maɓalli.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan a cikin ɗaki ba. Kwanon rufi ya ɗauki kaɗawa, fankar tsakar gida ta rage gudu, ƙusoshin da ke kan tebur suka dinga tafiya da kansu suna faɗuwa ƙasa. Na tsaya ina kallon allurar agogonsa tana hawa, ina gaya wa kaina in tanki ya cika zai yi shiru. Kafin ya cika na ga mutum tsaye a bakin ƙofa. Maƙwabcina ne, wanda bango ɗaya ya raba mu. Ashe ya daɗe yana sallama. Na kashe injin.

"Malam, injin niƙa kas sawo?" ya tambaya yana murmushi.

Na fara yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce a hankali, "Ba komai. Inna ta ce in zo in gani. Ɗakinta na nan bayan wanga bango, ta ɗan firgita."

Mahaifiyarsa ta shekara biyu kwance, ba ta tashi. Na san haka. Ni ne ma nake aika mata lemo ranar Juma'a. Amma cikin mako biyun nan ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. Na ba shi haƙuri, ya ce babu laifi, ya tafi. Na zauna a kan injin, yana da ɗumi, kunya ta hana ni shiga cikin gida har aka kira magariba.

Washegari, kafin in mayar da shi, na biya wurin wani dattijo mai faci da ke hanyar Wamakko, wanda ya daɗe yana gyara mini taya. Na ga dai duk garin nan ba wanda ya fi shi zama da kwamfaresa. Kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa.

"To mi za ka hurawa da shi? Tayar tirela?"

Na ce ƙusa zan harba.

"Bindiga ba ta shan iska kamar taya. Kurɓa takai, kaɗan kaɗan. Kai kaɗai kake aiki, ƙaramin ya ishe ka." Ya nuna kunnensa. "Ka ga wanga? Babban inji yac cinye shi."

Ya ce in tambayi mai shago abu ɗaya kafin in kalli launin kowace bindiga: in ƙusarta ta ƙare, ina ake samu? Ya ce in shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, in ya yi kumfa iska na zuba. Ya kuma kwanta ya nuna mini wani ɗan murfi a ƙarƙashin tankinsa, ya murɗa, ruwa mai tsatsa ya feso. "Kullum in ka tashi aiki ka buɗe nan. In ba haka ba ciki shika ruɓewa, kai ba ka sani ba."

Na koma shago da babban ja a keke, da janaretona ɗaure a bayan babur, da guntayen katakona da ragata a cikin buhu. Mai shagon ya dubi janareton ya dube ni, ya jawo ƙaramin farin. Muka haɗa a bakin titi. Janareto ya ɗan nisa, ya ɗauka. Injin yana aiki muna magana ba tare da ɗaga murya ba.

Na tambayi ƙusar baƙar bindigar mai akwati. Ya sosa ƙeya ya ce tata daban ce, sai an yi saƙo daga Kano, wani lokaci a jira. Na mayar da ita cikin akwatinta, raina bai so ba. Ya kawo wata marar ado, wadda ya ce kowane kafinta a garin nan irinta yake riƙewa, tana cin siririyar ƙusa, tana cin mai ƙafa biyu. Na gwada ta a katakona. Bai tsage ba. Na shimfiɗa raga na harba, ta kama. Na shafa ruwan sabulu, bakin tiyon ya yi kumfa, ya sake mini wani. Ko a lokacin sai da na sake waiwayar matsakaicin, na ce ko shi ya fi. Mai shagon ya ɗaga ƙaramin da kansa ya kai bakin hanya ya tare mini keke.

Na mayar da teburina bangon da ke kallon titi, na ɗora injin a kan tsohuwar taya don rage girgiza. Na aika a tambayi Inna, aka ce ba ta ji komai ba. Ranar farko wata ƙusa ta bi jijiyar katako ta karkace, ta fito ta gefe ta shiga tsokar yatsana, daga nan na koyi nisanta hannun hagu. Amma aikin daɗi gare shi. Kwana huɗu na gama sha tara. Ragar kuwa na bi ta da ƙusa kusan kowane faɗin yatsa, don kawai ina jin daɗin latsawa.

Yaya ya aiko aka kwashe. Bayan kwana biyu ya zo da kansa, da akwati ɗaya a hannu.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Sai dai nama bai bushewa. Ragar taga kas sa, idonta ya cika ƙanƙanta, ga gefe duk a rufe. Iska ba ta wucewa. Na jiya ya so ya yi wari."

Ni na zaɓi ragar, ban tambaye shi ba. Dole a cire ta ƙasa a sa mai faɗin ido, a kuma huda gefe. Na ɗauki akwatin na dubi layin ƙusoshin nan, a jere kamar ɗinkin keke. Bindiga tana sakawa, ba ta cirewa.

Na fara da sukundireba da filaya. Hannuna yana rawa, bakin sukundireba yana zamewa. Yaya ya tsaya yana kallo, can ya jawo kujerar tsugunno ya zauna.

"Kawo nan. Ni in ɗaga, kai ka ja."

Hannun mai yanka nama ne, ba ya kuskure. Yana cusa bakin ƙarfen ƙarƙashin ƙusa ya ɗaga ta, ni in kama da filaya in zare, in jefa a gwangwani. Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka, kullum daga azahar zuwa la'asar. A rana ta uku ya fara ba ni labarin yadda mahaifinmu yake koya masa fere nama, abubuwan da suka faru ina aji ban sani ba. Ya ce akwai shekarar da ya so ya bi ni makaranta, ya je har bakin ƙofa ya dawo. Ban taɓa ji ba. Na tambaye shi me ya mayar da shi. Ya ce an yanka shanu biyu ranar, ba mai taya Baba.

Da muka zo kan akwati na ƙarshe ya karɓi bindigar ya juya ta, ya ce in nuna masa. Na nuna. Ya shimfiɗa sabuwar raga, ya harba ɗaya, ya auna taƙi guda da hannunsa, ya harba ta biyu.

"Haka ya isa," ya ce. "Raga ce, ba gudu za ta yi ba."