Bip Ɗin da Muka Ɗauka Ƙuri'a Ne

Har gobe ban manta da wata ranar kasuwar Gidan Rumji ba, da kaka, ana cikin ɗaurin gero, ranar da na ƙi sa waƙar da ta zo ta ɗaya. Ku da kuka shigo aikin rediyo bayanmu kuna jin ana cewa Tanti Mariyama ta taɓa yi wa direkta tsaye. To, yau ku ji daga bakin mai ita.

Lokacin ni ke gabatar da shirin zaɓin masu saurare, kowace ranar kasuwa bayan la'asar. Mutanenmu ba kullum suke da kiredi a waya ba, shi ya sa direktanmu, Mushe Abdu, ya fito da dabara: duk wanda waƙa ta yi masa daɗi ya yi mana bip tana cikin tafiya, wato ya kira lambar rediyo ya katse kafin a ɗauka. Isufu teknisiye, mai kula mana da na'urori, ke lura da wayar. Waƙar da ta fi tara bip ita ce sarauniyar mako, da ita ake rufe shiri, a kuma yi ta maimaita ta har kasuwa ta zagayo. Da farko muna bayyana wannan doka a iska, daga baya muka daina, muna ganin kowa ya sani.

A kakar nan wani ɗan kabu-kabu mai haya da babur, Lawali, ya shiga situdiyo a Maraɗi ya fito da waƙa. Tun jin farko na ce wannan ba waƙa ba ce, hayaniya ce. Kiɗan na'ura, murya a matse kamar ta akuya a bayan mota, baiti ɗaya ake ta juyawa: “Dija ta gindin gawo, nononki ya fi na kowa.” Kun dai san kalmar nan baki biyu gare ta, kuma ba na ƙwarya yake nufi ba. Na yi magana, Mushe Abdu ya ce, “Tanti, ke ba ki so, jama'a na so. Dubi waya mana.” Gaskiyarsa kuwa, da an sa ta wayar sai ta yi ta rawa a kan tebur. Mako ya bi mako tana sarauta, ni kuma ina sa ta ina cizon yatsa.

Ranar da nake ba ku labari, shiri ya yi nisa, na saki sanarwar ɓatan dabbobi mai tsawo, sai Isufu ya yafito ni ta gilashi, wai ana nemana a buro, wato ofishin direkta. Na tarar da wani dattijo da sandarsa, Arɗo Umaru, shugaban wata ruga a wajen Sae Sabuwa. Ya shiga gaisuwa, gida, shanu, gajiya, ni kuwa idona na kan agogo. Da ƙyar ya kai ga magana, kansa a sunkuye.

“Ɗiyata, mi munka yi muku?”

Na ce, “Subhanallahi! Baba, wane abu?”

Ya ce, “Dijar da kuke waƙa mutum ce. Matar ɗan ƙanena Bello ce, a gindin gawon bakin kasuwa take sai da nono. Ba ta san yaron nan ba, ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Yanzu ko rijiya ta tafi, yara na bin ta da waƙar. Bello ya yi rantsuwa gaban mutane, in ya ƙara jin waƙar yau, Dija ta koma gidan ubanta. Yana can wajen shanu, rediyo na rataye a kafaɗarsa.”

Mushe Abdu ya ce, “Haba Arɗo, ai da sai ku kawo kuka tun tuni.”

Dattijon ya ɗago ya dube shi. “Mun yi ta kira. Duk sadda kunka sa ta, kowa mai waya a ruga sai ya yi muku bip, don ku kira mu mu roƙe ku. Har dangi na wasu rugage mun sa. Ba ku kira ba, sai ƙara sa ta kuke.”

Wallahi sai a lokacin na gane. A ruga bip ma'ana ɗaya gare shi: kira ni. Su kuma fulako, kunyar nan ta Fulani, ya hana su tako ƙafa su maimaita irin wannan kalma gaban baƙi. Ashe suna kuka, mu muna rubuta musu ƙuri'a, waƙar na ƙara hawa, suna ƙara kuka.

Mushe Abdu ya leƙa taga. Ƴan kabu-kabu sun cika bakin ƙofa kamar kullum, Lawali a tsakiyarsu, suna jiran a naɗa musu sarauniya. Ya rage murya ya ce, “Ba duka bip ɗin ne na ruga ba, samari na son ta da gaske. In muka cire ta yau, gobe a ce rediyo na murɗe zaɓe, waɗannan kuma sai su fasa mana kaya. Ki sa ta yau kaɗai, mako mai zuwa mu gyara.”

Na ce, “Mushe, aure ne fa! Mako mai zuwa wa za ka gyara wa?”

Ya ce, “Ni ne direkta. In ba za ki sa ba, ki ajiye mikro.”

Isufu ya buga gilashi, sanarwa ta ƙare. Na koma na zauna, raina a ɓace. Yatsan Isufu na kan maɓalli, yana kallona yana kallon direkta. Na buɗe mikro na ce, “Masu saurare, sarauniyar mako ba za ta fito ba yau. Akwai sunan baiwar Allah a cikinta, kuma ba da yardarta ba. Wanda ya ji haushi, Tanti ce ta yi, ya zo gare ni.” Na yi wa Isufu alama ya saki waƙar noma ta wani tsoho mai gurmi, Na'allah, wadda tun da muka fara shiri ba ta taɓa motsa waya ba. Allah ya saka wa Isufu, ni ya bi.

Waje ya kaure da ihu da ƙarar babura, wani ya jefa dutse a kan kwanon rufi. Gurmin na tafiya, wayar na kwance shiru, na ce a raina shi ke nan, aikina ya ƙare. Da na fito na tarar da Arɗo zaune a dakali, ido a rufe, yana kaɗa kai. Don in rage zafi na tsokane shi, “Baba, wannan ba ku yi mana bip ba.” Ya ce, “Ɗiyata, in waƙa ta yi daɗi, wa ke tuna waya?”

An dakatar da ni daga shirin har sanyi ya shigo. Daga baya Mushe Abdu da kansa ya zauna ya bi lambobin yana kira, abin da ya ji ya sa ya soke dokar bip, ya kuma aika aka dawo da ni. Lawali ya daina gaishe ni. Auren Dija bai mutu ba, alhamdu lillahi.

Abin da na koya shi ne, waya ba ta san bambancin mai so da mai kuka ba, ƙara ɗaya take yi musu. Yawan ƙara bai gaya maka waƙa ta yi kyau, bai ma gaya maka an so ta ba. Don haka in waya ta yi ƙara ta katse, ku daure ku kira.

Dija dai ba ta ƙara zuwa kasuwa ba. Ku duba in kun bi ta gindin gawon nan: masu nono na zaune cikin rana da ƙoransu, inuwar kuwa tun waƙar nan ba kowa.