Fararen Ɓeraye a Siton Baba

Duk abin da zan manta a rayuwar karatuna, ban da safiyar da fararen ɓerayena suka ɓace a siton shinkafar mahaifina. Shekaru sun ja, furfura ma ta fara leƙo ni, amma har yau tana nan a raina kamar jiya aka yi.

A lokacin ina digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna. Wanda bai shiga ba yana zaton zaman aji ne da jarrabawa, alhali wannan shi ne mai sauƙin. In ka haye jarrabawa sai ka tsaya gaban malamai ka kare tsarin bincikenka, sannan ka shiga ɗakin gwaji ka yi aikin da hannunka, ka rubuta kundi, a ɗauko malami daga wata jami'ar ya zo ya titsiye ka da tambayoyi. Kuma duk da wa'adi. In ya cika ba ka gama ba, sai a soke sunanka. Ni kuwa ina shekarata ta ƙarshe.

Bincikena a kan wani ganye ne da mutanenmu ke jiƙawa don ciwon suga. Na yi watanni ina shanya shi, ina daka, ina tace ruwansa, kafin na kai ga gwada shi a jikin ɓerayen gwaji. Kullum sai an ɗura musu maganin, ba fashi, har tsawon makonni. Aikin ya yi nisa ke nan aka tafi yajin aiki, aka ce za a garƙame ɗakin dabbobi. Malamin da ke duba aikina ya dube ni ya ce, "In ka bar su, sun mutu. In sun mutu, daga ganye za ka sake farawa, kuma ka san lokacin da ya rage maka. Kwashe su ka tafi gida."

Haka na shiga motar garinmu Kura da ɓerayena keji-keji, lulluɓe da zani, ina addu'ar kada su yi kuka a hanya.

To, sai ka san waye Baba. Manomin shinkafa ne tun da aka saki ruwan dam ɗin Tiga a gonakinmu, kuma a duniya ba shi da abokin gaba kamar ɓera. Ga shi ni ne ɗansa na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kunyar ɗan fari ta hana. "Wancan" nake, ko "ɗan bokon nan". In zai yi min magana, ta bakin Inna take biyowa, ko da kuwa ina tsugune a gabansa.

Da ya ɗaga zanin ya ga jajayen idanu suna kallonsa, sai ya ja da baya ya yi salati.

"Tambayar min wancan," ya ce wa Inna, "shekarun nan da yake ta zarya, abin da ya karanto ke nan? Wasu na kawo wa iyayensu mota, shi ɓera?"

Inna ta sha fama kafin ya yarda a ajiye su a ɗan ɗakin da ke jikin sito, inda ake ajiye injin ban-ruwa. Ya kuma ce shi fa ba zai fasa zuba maganin ɓera ba, don kaka ce, an cika sito da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Na ce ba komai, ai nawa suna kulle. Kafin kwana biyu gari ya ɗauka. In na wuce majalisa sai a ce, "Sarkin ɓeraye, ya garken?" Ina dariyar yaƙe, amma raina a ɓace yake. Na ƙudurta a zuciyata cewa mutumin nan bai damu da ni ba, shinkafarsa kawai ya sani.

Ran nan da hantsi na dawo daga tudun bakin kanal ɗin ban-ruwa, inda nake hawa neman sabis ɗin waya don kiran malamina, sai na tarar da ƙofar ɗakin a buɗe. Akuyar maƙwabta ce ta tura ta, ta biyo ƙanshin abincinsu, ta tunkuɗe keji ɗaya ya faɗi ya buɗe. Kuma ba kowane keji ba, na waɗanda ke shan maganin, su ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Ko ɗaya babu a ciki. A ƙasan bango akwai wata kafa da ta zarce cikin sito, inda Baba ya zuba guba cakuɗe da garin kifi a daren jiya.

Na zauna a ƙasa daɓas. Babu abin da nake gani sai takardar kora, da shekarun da na zubar, da bakin 'yan majalisa. Inna ce ta leƙo ta gan ni, ta ɗora hannu a ka, ta aika gona a kira Baba.

Na ɗauka zai ce Allah Ya raka taki gona. Ya shigo da laka har gwiwa, ya dubi kejin, ya dube ni. Sai kawai ya tuɓe rigarsa ya rataye a ƙofa.

"A kama kyanwar gidan nan a kife ta da kwando," ya ce. "Ke, toshe magudana da tsumma. Kada kowa ya bar ƙofar waje a buɗe."

Ya shiga sito da rarrafe, yana bin lungu-lungu yana kwashe gubar da ya zuba da hannunsa. Sannan ya fito ya leƙa ta katanga ya kira maƙwabcinmu, wani mutumin Filato mai gyaran injin ban-ruwa, da sauran waɗanda ke kusa. "Ku zo ku taya ni ɗaga buhu. Amma wallahi duk wanda ya taka farin ɓera, ni da shi ne!"

Maƙwabcin ya ce, "Alhaji, yau kai ne da ceton ɓera?"

"Ɗaga buhu, ka bar surutu."

Aka shiga fitar da buhunan shanshera ɗaya bayan ɗaya ana jibgewa a tsakar gida. Duk buhun da aka ɗaga sai in leƙa ƙarƙashinsa, ban san mai rai zan gani ba ko gawa. Ɓerayen gida suna ta tsalle suna wucewa ta tsakanin ƙafafun Baba, ko kallonsu bai yi ba. Nawa kuwa ba su san gudu ba, a keji aka haife su. Muka riƙa tsintar su a takure, ina duba alamar da na shafa wa kowanne a wutsiya. Har rana ta take muka samu duka, ban da ɗaya. Kuma malamina ya sha gaya min cewa adadinsu daidai wa daida ne, in ɗaya ya ragu malamin waje zai iya watsi da sakamakon.

Sito ya zama wayam. Mutane suka fara zamewa suna cewa a yi haƙuri. Na fito na jingina da bango, na riga na sallama. Baba kaɗai ya rage a ciki, yana zura hannu cikin ramukan gindin bango, inda ko kunama za a iya samu.

Can sai na ji an ƙwala kiran sunana. Sunana na yanka, da muryar da ban taɓa jin ta faɗe shi ba. Inna ta saki murfin tukunyar da ke hannunta. Na ruga ciki, na same shi durƙushe, ya riƙe ɓeran da hannu biyu. Ɓeran ya kafa masa haƙori a yatsa, jini na bin hannunsa, amma ya ƙi saki.

"Karɓi abinka," ya ce, kai tsaye, ba ta bakin kowa ba. "Duba min, bai ci ba ko?"

Bai ci gubar ba. Shinkafa dai sun ɗirka, na kuma rubuta hakan a kundina yadda ya faru, aka yi min tambaya a kai ranar kare bincike, na amsa, na haye.

Da yamma Inna na ɗaure masa yatsa ta tsokane shi, ta ce ashe ya san darajar ɓera. Ya koma halinsa, ya kau da kai daga inda nake.

"Ni ban san abin da wancan yake yi da su ba," ya ce. "Amma na san fuskar manomin da ruwa ya cinye wa gona. Ita na gani."

Bai sake kiran sunana ba har Allah Ya karɓi abinsa. Ban kuma sake bukata ba. Abin da na koya shi ne, kada ka auna ƙaunar iyaye da abin da bakinsu ya furta, ko da yadda suka fahimci aikinka. Ni na yi shekaru ina wannan kuskuren awon, har ranar da na ga jini a yatsan Baba.