Siton Bakin Tasha

Na karanta tarihin dauloli daidai gwargwado, na kuma koyar da shi ga yaran da ba su roƙe ni ba, amma har yau ban ga wata fasaha da ɗan Adam ya ƙirƙiro da ta kai wannan zurfi ba: mutum ya zauna a zauren attajiri da ledar lemo a gabansa, yana yi masa addu'ar tsawon rai, alhali abin da ya kawo shi ba ya samuwa sai ran ya ƙare. Masu ilimin taurari ba su kai nan ba. Malaman rabon gado ma, da nake ganin girmansu, sai an dawo daga maƙabarta suke buɗe littafi. Mu kam a Ƙauran Namoda tun mutum yana shan furarsa muka fara aiki a kansa.

Bayan na yi ritaya daga koyarwa na shiga wata ƙaramar ƙungiya ta garinmu. Aikinta koyar da matan da 'yan bindiga suka koro daga Kuryar Madaro da ƙauyukan da ke kewaye da ita, yawancinsu mazansu sun rasu. Karatu da lissafi nawa ne, ɗinki kuma na wata dattijuwa ce. Ba mu da ɗaki. Aji ɗaya muke aro a wata makarantar firamare bayan an tashi yara, inda mata masu jikoki ke zama a kan bencin 'yan aji biyu, gwiwa har haɓa. Kekunan ɗinki kuwa kullum sai an ɗauko su an mayar, domin hedimasta ya ce ba za su kwana masa a aji ba, kuma duk sabon hedimastan da aka kawo da nasa sharaɗin yake zuwa. Abin da muke buƙata bai wuce ɗaki mai ƙofa da makulli a hannunmu ba.

A bakin tashar jirgin ƙasa akwai wani tsohon sito tun na zamanin gyaɗa, mai kaurin bango, rufinsa bai taɓa yoyo ba. Duk gari siton Alhaji ake ce masa. Alhajin nan ɗan kasuwar hatsi ne, ya yi shekarunsa yana sayen gero da dawa a kasuwar Shinkafi da ta Zurmi. Da tsufa ya kama shi, hanya kuma ta lalace, sai harkar ta ja baya, ya zamana rabin siton jemagu ne ke zaune a ciki ba da izinin kowa ba.

Shugaban ƙungiyarmu, wanda kowa ke kira Ciyaman har matarsa, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Mutum ne mai son taro yadda wasu ke son nama. Wata shekara aka gayyace shi taron bita a Abuja, ya dawo da jaka mai tambari, da takardar shaida, da sabuwar aƙida. Ya tara mu ya yi mana bayani cewa manyan ƙungiyoyin ƙasashen Turai da dukiyar matattu suke rayuwa. Ana gano mai hali tun yana raye, a ƙulla zumunci da shi, a riƙa ziyara da 'yar kyauta, har ya ji ƙungiyar ta zama jininsa, sannan da kansa ya bar mata wani abu bayan ransa. Babban sirrin, in ji malamin bitar, kada a yi gaggawar roƙo.

Na ce, "Ciyaman, wanga ai shi ne wasiyya da waƙafi. Tun muna yara munka karance shi a zaure: sulusin dukiya, ga wanda ba magaji ba, gaban shaidu. Sai da anka kai ka otal sannan ka ji shi?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, naku karatu ne. Wanga dabara ce."

"To mu tahi mu roƙe shi aron rabin siton mana. Jemagu ma bai hana su ba."

"Aro? Aron ne muke gudu. Waƙahi muke so, na har abada. In ka tambaya yau ya ce a'a, ka rufe ƙofar da hannunka. Mai bayarwa kamar gona yake, sai an yi mata shara, an kai taki."

Ban taɓa ganin manomin da ke kai wa gona ayaba ba, amma aka kaɗa ƙuri'a, Abuja ta ci. Aka kuma naɗa ni ɗan rakiya, wai don ina da furfura da Larabci kaɗan.

Haka muka fara zuwa gidan Alhaji ran Juma'a bayan an sauko. Lemo da ayaba, in azumi ne dabino. Za mu gaisa, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a koka da tsadar taki, a yi Allah wadai da halin da hanyar Zurmi ke ciki, sai a yi shiru, sai a sake gaisawa daga farko. Alhaji dattijo ne siriri mai kunne kamar na zomo, ba ya barin baƙo ya tashi bai sha fura ba.

Abin da malamin Abuja bai sani ba, domin ba a rubuta shi a allon otal, shi ne yadda ake faɗin buƙata a ƙasarmu. Dattijo ba ya tambayar dattijo abin da ya kawo shi gidansa, rashin kunya ne. Baƙon ma ba ya zubar da buƙatarsa a tsakiyar zaure gaban yara da masu shigowa. Ana bari sai an tashi, maigida ya sa takalmi ya yi rakiya, a ɗan taka, a rage sauri, a tsaya. A nan baƙo zai dafa gemu ya ce, "Af, dama na ce…" Duk maganar da ta kawo shi a cikin wannan "dama" take. Auren rabin garin nan da sulhun ɗaya rabin a bakin lungu aka ƙulla su.

Ranar farko Alhaji ya rako mu ƙofar gida, ya tsaya, ya ba mu fili. Ciyaman ya ce, "To, Baba Alhaji, Allah shi ƙara lahiya da nisan kwana."

"Amin. Ba wani abu dai ko?"

"Babu komi, ranka shi daɗe. Zumunci ne kawai."

Alhaji ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane cewa maganar tana da nauyi. Mako na gaba ya kai mu har bakin lungu. Bayan wasu watanni rakiyar ta kai gindin dalbejiyar masu faci. Tsohon nan da sandarsa yana ta ƙara mana hanya, don a ganinsa buƙatar da ta ƙi fita a ƙofar gida tana neman wuri mai nisa da kunnen jama'a. Wata Juma'a har bakin tasha ya kai mu, ya jingina da ƙofar siton yana mayar da numfashi, ya ce, "Nan dai ba kowa."

Na taɓa Ciyaman da gwiwar hannu. Ya ce, "Allah shi saka da alheri, Baba Alhaji. A huta gajiya."

Da muka rabu da Alhaji sai Ciyaman ya kama hannuna. "Ka gani? Ka ga inda ya tsaya? Da kanshi ya kawo mu ƙohwar. Ya fara nuna."

Nuna, kamar mangwaro.

Matsala ta biyu ita ce mutuwa. Dole wata rana a ambace ta, in ba haka ba ba a zo kan wasiyya ba. To amma wane ɗan halas zai dubi tsoho cikin ido a zaurensa, bakinsa da sauran furar gidan, ya ce masa in ka mutu? Ciyaman ya gwada ta bayan gida. Ya yi gyaran murya wata rana, ya dubi rufin zaure, ya ce, "Kai, Baba Alhaji, rai dai ba shi da tabbas."

Alhaji ya zabura. "Innalillahi! Wa ya rasu?"

"A'a, ba kowa."

"To ka tsorata ni. Sha hura."

Sai aka canja salo. Ciyaman ya samo wani malami mai zaƙin murya, muka tafi da shi kamar an haɗu a hanya, ya yi wa'azi a kan sadaka mai gudana, wadda ladanta ke bin mutum har kabari. Wa'azin ya yi kyau, ni kaina sai da jikina ya yi sanyi. Alhaji ya yi hawaye har gemu. Kafin damina ta faɗi ya sa aka haƙa rijiya a Dauran, garin mahaifiyarsa. Mutanen Dauran suna shan ruwa har gobe, Allah ya ba shi lada. Ciyaman ya sanar da taron ƙungiya cewa wannan babbar nasara ce, zuciyar mai bayarwa ta buɗe, saura a juyo da ita.

A shekara ta uku ko ta huɗu Alhaji ya kwanta ciwo. Ba zan ce Ciyaman ya yi murna ba, Allah ne masanin zukata. Abin da idona ya gani shi ne ya sa babbar riga ranar da ba Juma'a ba, ya sayi madarar gwangwani maimakon lemo, ya kuma ɗauko maƙwabtansa biyu masu kamala, wai su ma dubiya za su, ko da za a buƙaci shaidu. Muka tarar da Alhaji a kwance, muryarsa can ƙasa. Ya yafito Ciyaman da hannu. Ciyaman ya durƙusa, ya kai kunne, shaidu suka matso.

"Ka yi haƙuri," in ji Alhaji, "yau ba ni iya rakiya."

Bayan mako biyu ya tashi ya ci tuwo da miyar kuka. 'Ya'yansa kuwa, da ba su je bita ko'ina ba, tuni suka karanta mu. Babban ɗan yakan tare mu a ƙofa da fara'a ya ce, "Sannunku da zuwa, masu lemo. Baba lahiya tai lau, jiya ma shi ya ja mu sallar asuba. Ko za ku dawo wani mako ku sake dubawa?" Ciyaman ya ce wannan ma an faɗa musu a Abuja, magada sukan yi kishi, alama ce ta cewa an kusa.

Ana cikin haka aka kawo hedimastan da ya ce aji na yara ne. Kekunan ɗinki suka koma zaurena, inda kaji suka mayar da su wurin kwana. Muka koma karatu a gindin bishiya, in hadari ya taso a watse. Mata suka fara raguwa, wasu suka koma surfe a gidajen mutane, wasu suka tafi Gusau wurin dangi. Wata daga cikinsu, wadda ta fi kowa saurin gane lissafi, ta tsayar da ni ran nan tana naɗe tabarma.

"Malam, wanga ɗaki da anka ce za a ba mu, nan duniya ne ko sai mun tahi can?"

Na kai wa Ciyaman tambayar kamar yadda aka ba ni. Ya ce mata ba su san dabarun zamani ba, gina dangantaka ba ya son gaggawa.

Wata safiya cikin damina Ciyaman ya faɗi a ƙofar gidansa, hawan jini, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, mutum ne da bai taɓa cin ƙwandalar ƙungiya ba. Sai dai mutumin da ya yi shekara da shekaru yana koya mana falalar wasiyya bai bar ko ta tsinke ba. Kujerun roba na ƙungiya da ke ajiye a gidansa ma cikin gado aka lissafa su.

Ranar addu'ar uku sai ga Alhaji da sandarsa, da ƙafarsa ya zo. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, ya share ido. Da ya tashi na ɗauki takalmina na raka shi. Muka wuce ƙofar gida, muka wuce bakin lungu. Ya rage sauri. Ya tsaya. Ya dafa gemu.

"Af, Malam, dama na ce in tambaye ka. Don Allah, marigayi mi yake nema gare ni?"



"Abin ya daɗe yana damuna," in ji shi. "Na ce ko kujerar Makka ce yake jin nauyin faɗi. Na ce ko auren wata jikata yake nema ma ɗanai. Har gero na ware mai shekara biyu a jere, na ce ko gidan ne ba abinci, ga shi mutum mai mutunci. Ƙafafuna sun ƙare wurin rakiya, bawan Allah nan bai ce dama ba ko sau ɗaya. Ga shi ya tahi da maganarshi, ina tsoron kada in zan na hana shi wani hakki."

Na ga dai wanda ya hana a tambaya yana ƙarƙashin ƙasa, don haka na faɗa masa komai, tun daga matan Kuryar Madaro da bencin 'yan aji biyu har zuwa taron Abuja. Na ce fatanmu shi ne, bayan rai mai tsawo, ya bar wa ƙungiya siton nan waƙafi.

Ya dube ni.

"Wane sito?"

"Na bakin tasha, Baba Alhaji."

"Ai ba nawa ba ne, Malam. Na magadan wani mutumin Shinkahi ne. Haya nike biya."