Kabarin Farko a Filin Kakana

Ranar wata Laraba ce a watan Nuwamba, ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ranar da ba mu zuwa makaranta. Na tashi da niyyar bin kakata Iya zuwa lambu, sai na tarar da takalman maza jere tun daga ƙofar gidanmu har bakin asansar, wato lif ɗin benenmu. Ashe cikin dare aka kai Iya asibiti ina barci, ta rasu da safe. Ban yi kuka a lokacin ba, haushi na ji, don an miƙo mini buta an ce in riƙa cika wa baƙi, ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini komai.

Kakana, Alhaji Idi, yana cikin Hausawan farko da suka zauna a unguwarmu, can arewa da Lyon. Daga Damagaram ya zo, lokacin wurin duk gonakin kabeji ne da laka. Da hannunsa aka zuba simintin benen da muka girma a ciki. Duk wanda ya sauka daga gida, a falonsa yake fara kwana. Shi ya yi ta sintiri har bas ya fara shigowa unguwar, shi ya sa aka daina zuba wa yaranmu naman alade a ɗakin cin abinci na lakwal, daga baya aka zaɓe shi konseye, wato kansila, baƙar fata na farko a majalisar garin. Amma abin da ya cinye masa shekaru shi ne filin maƙabarta. So yake a ware wa Musulmi gefe guda, kaburbura su kalli alƙibla. Aka yi ta ja masa rai, har dai aka ba shi wata kusurwa a bayan itatuwa. Filin ya shekara biyu ba kowa a ciki. Mutanenmu sun fi son a sa gawa a jirgi a kai ta gida, suna ganin abin kunya ne a bar mutum a ƙasar Turawa. A majalisa kuwa an fara cewa tunda ba mai so, a karɓe wurin.

Ni ban san siyasa ba a lokacin, lambu na sani. Iya tana da ɗan fili a cikin lambunan da ake ba ma'aikata, inda take shuka yakuwa da kuɓewa da wata gyaɗa da ba ta taɓa yin ƙwaya ba. Ni ce mai jan ruwa da tsince katantanwa daga ganye, ina yi ina mita. Idan na gaji in gudu wajen ƴan Kamaru mu yi ƴar gala-gala a kan hanya. Daga lambun ana hango itatuwan maƙabarta, kuma ba sau ɗaya ba na ji Iya ta nuna su da haɓa ta ce, “Can zan kwanta, kusa da yakuwata. Wa zai kai mini jikoki Damagaram?”

Da la'asar Kawu Mamman, ƙanin Iya, ya iso daga Aubervilliers, bai ko cire rigar sanyi ba. Ya ce dangi sun yi waya, an riga an nuna wuri kusa da kabarin mahaifiyarsu. Ya ce, “Alhaji, siyasarka taka ce. Yayata ba za a saka ta a akwati a bar ta a cikin sanyin nan ba.” Dattawan unguwa suka goya masa baya, har da waɗanda suka fara kwana a falon nan. Kwana biyu ana abu ɗaya. Mata suna kicin suna dafa shinkafar da ba mai ci, ana magana ƙasa-ƙasa, waya na ta ƙara. Babana shi ne ɗan fari, kakana ko sunansa ba ya kira saboda kunya, balle su zauna su yi gardama. Babana yana tsaye a baranda yana murza carbi, ya san abin da uwarsa take so, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Kakana kuwa, mutumin da ke dukan tebur a gaban magajin gari, ya zama kamar an zare masa laka.

Ranar Juma'a da hantsi na shiga falo da tiren shayi, na ji kakana ya ce a hankali, “To, a nemi jirgin.”

A wajenmu jika tana da bakin da ɗa ba shi da shi. Tun ina rarrafe yake kirana amarya, ni kuma in ce masa tsoho mai ran ƙarfe, in sace masa hula, in ce na fasa auren. Da wannan bakin na yi magana, sai dai ba wasa a cikinsa. Na dire tiren na ce, “Tsoho, ashe filin naka na matan wasu ne? Taka matar jirgi za ta hau? Ita fa ta ce kusa da yakuwarta.”

Mamata ta leƙo daga kicin, na ga a idonta cewa na mutu. Wani dattijo ya soma cewa yaran Faransa ba su da tarbiyya, Kawu Mamman ya ɗaga masa hannu, don ya san ba a tsawata wa jika a kan kakanta. Ya juyo gare ni ya ce, “Ke, da kunnenki kika ji?” Na ce ba sau ɗaya ba, kuma in yana so in kai shi inda take tsayawa. Kakana ya share fuska da hannun riga ya ce, “Amarya ta kore ni daga jirgi. Mamman, ka yi haƙuri, nan za ta kwanta.”

Washegari aka ɗauke ta. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka ta taga na kalla, ina jiran in ga ko kakana da babana kaɗai za su bi motar gawar. Dattawan sun tsaya cirko-cirko a gindin bene, hannuwa a aljihu. Motar ta fara tafiya ba wanda ya motsa. Sai Kawu Mamman ya fito daga ƙofa, ya gyara hularsa, ya bi bayanta. Sauran suka bi shi. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun Laraba. Wasu dangin Damagaram ba su sake gaishe da kakana ba har ya rasu, bai kuma taɓa ɗora mini laifin ba.

Yanzu ina Paris, ina aiki a kantin magani, kuma duk hutu nakan hau jirgin ƙasa in je. Filin ya cika har an ƙara wani. Kakana yana gefen Iya, Kawu Mamman yana layi na uku, shi da bakinsa ya ce a kawo shi. Matasan da ke zuwa ziyara da furanni ba su san an taɓa yin faɗa a kan wurin ba, gani suke haka Allah ya ajiye shi. Lambunan an rushe su an yi wurin ajiye motoci. Ƴata kuwa da Faransanci take gaishe da babana, cikin ladabi, ba ta taɓa sace masa hula ba. Ina kallonsu ina tunanin ranar da zai rasa mai gaya masa gaskiya.